Yatsun Kawu da Sorin Maigidansa

Kawuna kafinta ne, kuma yatsu uku ne a hannunsa na dama. Sauran biyun injin yanka katako ya cinye su, a shagon wani mutum da ma'aikata ke kira Mai-Sori a bayan idonsa.

Turancin mutumin nan bai wuce kalma ɗaya ba, amma fa ya more ta. Ka yi atishawa, sori. Ya take maka ƙafa, sori. Bai ji abin da ka ce ba, sori. Da ita yake ta'aziyya, da ita yake korar ma'aikaci. Shi ne ma ya ba da umarni aka kwance murfin zarton injin, wai yana rage saurin aiki. Ranar da tsautsayin ya faru, Kawu na durƙushe cikin garin katako jini na zuba, mugun ya ɗan janye waya daga kunne, ya ce sori, ya ci gaba da cinikinsa.

Kawu ya ce yatsun ya bar wa Allah. Kalmar ce ta tsaya masa a wuya. Ya ce ba zai huta ba sai ya ji ban haƙuri da harshen da mutumin ya sha a nono.

Da ya warke ya koyi riƙe guduma da hagu, ya buɗe shago daidai tsallaken titi. Duk wanda ya shigo, hannun daman nan yake miƙa masa, kuma dole a tambaya. Shi kuwa ba ya gajiya da ba da labari. Ma'aikatan Mai-Sori suka tsallako, masu saye suka biyo su.

Da shagon can ya mutu murus, Mai-Sori ya zo da furfurarsa yana roƙon Kawu ya sayi injin. Kawu ya ce sai ya ga yana aiki, na bi su. Kawu ya kunna, zarton na juyawa tsirara, ya miƙa wa mutumin guntun katako.

"Tura da hannunka, maigida."

Ashe bai taɓa kusantar injin ba. Ya matso, ya ja da baya. Ya sake, ya kasa. Wallahi ban ji tausayinsa ba. Can ya zauna a ƙasa, ya ce, "Na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."

Kawu ya kashe injin.

"Yau kam na ji," ya ce. "Ban yafe ba."