Muryar Kashe-Kunna

A wurin aiki babu mai kiran ɗana da sunan da na raɗa masa. Kashe-Kunna suke ce masa, tun daga manaja har mai gadi, domin duk wanda ya kira shi ya ce kwamfuta ta ƙi, tambayarsa ta farko ita ce: "Ka kashe ka kunna?" Bai taɓa jin haushin sunan ba. Ya ce mini rabin ciwon na'ura wannan ne maganinsa, ɗaya rabin kuma shi ya sa aka ɗauke shi aiki.

Tun yana yaro ba mai magana ba ne. Ya taɓa kwance agogon bangon mahaifiyarsa, ya jera sukurorin a murfin kwalba gwargwadon girmansu, ya mayar da komai, agogon ya ci gaba da tafiya amma da baya. Da ta yi faɗa, sai ya ce, "Umma, ai yana tafiya." A ranar ba mu ƙara jin bakinsa ba. Da ya girma ma haka ya zauna. Saƙonninsa a waya ba sa wuce "To" da "Na iso". Saƙon murya kuwa bai taɓa aika wa kowa ba, ya ce maganar da yake yi a ofis ta ishe shi.

Kamfanin na sayar da fenti da tayil ne, da babban sito da 'yan rassa. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, babu taga. A ciki akwai tebur, da kujera mai karyayyen hannu, da akwatin ƙarfe dogo inda babbar kwamfutar take, wadda duk sauran suke ɗauka daga gare ta suna ajiyewa a cikinta. Esi, na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki a wurin ba dare ba rana. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ya fi manaja jin daɗi, shi kuwa rigar sanyi yake ratayewa a bayan ƙofa. Sanyin ba don shi ake yi ba.

Wata rana muna cin abinci na tambaye shi, shin mene ne aikin nasa takamaimai, don in san abin da zan riƙa gaya wa mutane.

"Baba, ni mutum biyar ne," ya ce. "Akwai mai kula da wayoyin da ke haɗa rassa. Akwai mai zuwa in firinta ta ƙi. Akwai mai tsare ƙofa kada ɓarayin intanet su shigo, da mai kula da rumbun bayanan kaya. Sai mai kwafe komai ya ajiye a wani wurin, saboda ranar tsiya."

"Su biyar ɗin wa ya fi aiki?"

"Mai firinta. Sauran huɗun suna jiransa ya dawo."

Matarsa ta ce, "To a gaya wa ɗaya daga cikinsu ya riƙa dawowa gida da wuri, 'yarsa ta fara ɗauka baƙo ne."

Ya yi dariya ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya. Ya sha roƙon a ɗauki ko da mutum ɗaya ya kama masa, musamman mai kwafin ajiya. Amsar manaja ba ta canzawa: "Ai kana yi, kuma komai lafiya." Ɗana ya ce matsalar aikinsu ke nan, in ka yi shi da kyau sai a ga kamar babu abin yi.

Abu guda ya yi wanda yake alfahari da shi. Masu sito da direbobi da yawa karatu yana yi musu nauyi, kuma suna jin kunyar kiransa a kan abu ɗaya kullum. Sai ya zauna a ɗakin nan ya naɗi muryarsa guntu-guntu, yana bayanin abin da za a yi in abu kaza ya faru. Ya sa hoton kunne a fuskar kowace kwamfuta, in ka danna sai ka ji shi. Ranar da na kai masa ziyara ya kunna mini ɗaya. "Sannu da aiki, Kashe-Kunna ne. Kada ka tsorata, ba ka ɓata komai ba. Duba bayan akwatin, akwai shuɗiyar waya." Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Na ce ashe yana da baki. Ya ce, "Na aiki ne, Baba."

Ranar hutunsa aka kira shi daga wani reshe, firinta ta tsaya ga masu saye sun yi layi. Ya hau babur ya tafi. A mahaɗar hanya babbar mota ta same shi. Ko asibiti bai kai ba. Wayarsa an kawo mana ita a leda, a niƙe. Daga baya akantan kamfanin ya gaya mini, ba tare da na tambaya ba, cewa takarda ce ta maƙale a firintar, kuma wani direba ya zare ta da hannu.

Bayan mutane sun watse, wata safiya surukata ta same ni a tsakar gida riƙe da wayarta.

"Baba, ba ni da muryarsa," ta ce. "Na duba ko'ina. A bidiyon aurenmu ma kai kawai yake gyaɗawa, kiɗa ya rufe komai. Ƙaramar nan za ta tashi ba ta san yadda ubanta yake magana ba."

Yarinyar a lokacin ta fara haɗa kalmomi. Na ce wa surukata ta kwantar da hankalinta, akwai muryarsa da yawa a ofis, zan karɓo mata.

Sai da makonni suka wuce ƙafata ta iya kai ni ƙofar kamfanin. Manaja ya tarbe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Na lura a kan teburin ciniki ana rubuta rasit da hannu, kwamfutocin suna kunne amma ba mai taɓa su. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, hoton kunnen nan ya daina magana. Komai ma ya tsaya mana. Muna neman wanda zai duba."

"Ɗakinsa fa?"

"Na sa an rufe tun ranar. Ba mu so kowa ya taɓa masa kaya."

Mukullin yana hannun Inna mai shara, dattijuwar da take ce wa marigayin "ɗana" tana ajiye masa ruwan zafi a fulas. Ta riƙe hannuna ta yi kuka, sannan ta buɗe. Zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanderu, da warin ƙonanniyar roba. Akwatin ƙarfen yana lulluɓe da bargo mai kauri, an soke gefunansa da kyau, har ƙasa.

"Daga gida na kawo," ta ce. "Ya tsani ƙura ta hau masa wannan abin. Na ce ko ba ya nan ba za ta hau ba. Esin kuma na kashe, tunda ba kowa a ciki, wa zai ji sanyin? Amma injin ban kashe ba, Baba. Kullum yana cewa, Inna, duk abin da za ki kashe, ban da wannan."

Ilmin sinadarai na karanta, na kuma koyar da shi har na yi ritaya. Na san abin da zafi yake yi wa abu in an hana shi hanyar fita. Na dubi bargon, sabo ne, da alama ita kanta ba ta taɓa rufa da shi ba. Na ce mata Allah ya saka da alheri.

Manaja ya kirawo wata injiniya daga waje, na koma ranar da ta zo. Ta yaye bargon, ta buɗe akwatin, ta daɗe tana haskawa da fitilar wayarta. Sannan ta juyo.

"Ina kwafin ajiya?"

Manaja ya nuna wani ɗan baƙin akwati da ke kan babban, wanda shi ma a ƙarƙashin bargon ya kwana.

"Wa ke kwafewa?"

"Marigayi."

"Wa ke da kalmar sirri bayan shi?"

"Shi kaɗai."

"In ya tafi hutu fa, yallaɓai?"

"Ai ba ya tafiya," manaja ya ce, sai ya tuna ina tsaye, ya sunkuyar da kai.

Ta ce za ta aika faya-fayan ajiyar wurin waɗanda suka fi ta kayan aiki, amma kada in sa rai sosai. Na sa. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara, surukata takan leƙo daga ɗaki. Da amsar ta zo, gajera ce: an ceto wani ɓangare na tsohon lissafin kaya, sauran babu. Na tambaya ko da guntu ɗaya ne, ko da gaisuwar farkon ce. Injiniyar ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Da akwai, da ni zan kawo maka da kaina."

Na koma kwaso kayansa: rigar sanyi, da fulas, da murfin kwalba cike da sukurori. Ina fita babban mai sito ya tare ni, wani ƙato mai fenti a gemu.

"Baba, an ce muryar kake nema. Ni na haddace ta, wallahi. Na fi kowa dannawa, har yana ce mini ɗalibinsa daƙiƙi."

Ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya iyakar iyawarsa. "Sannu da aiki, Kashe-Kunna ne. Kada ka tsorata, ba ka ɓata komai ba." Bai bar kalma ɗaya ba, har wurin da ɗana yake ɗan tsayawa kafin shuɗiyar waya. Amma muryar ta mai sito ce, mai kauri, ta mutumin da ya saba kiran lebura daga nesa. Ya kai tsakiya ya kasa ci gaba, ya goge fuska da bayan hannu. Ya ce in ina so ya naɗa mini a waya in kai wa yarinyar. Na yi godiya, na ce a bari.

A bakin ƙofa an manna sanarwa: ana neman mutum ɗaya wanda ya san kwamfuta.

Da na isa gida surukata tana shanya. Ta dubi ledar da ke hannuna, ta dubi fuskata, ta ci gaba da shanyarta. Ƙaramar ta rugo ta kama ƙafata tana laluben ledar, ta samu murfin kwalbar, sukurorin suka zube a ƙasa. Na durƙusa muna tsincewa tare.

Ni kaina yanzu in na rufe ido na nemi muryar, kalmomin suna zuwa daidai. Sautin ne ya fara zama na mai sito.