Madubin da Ba a Tofa wa Addu'a

Mun tashi da asuba daga Greensboro, garin da muke zaman karatu a ƙasar waje, ni da maigida, bayan mun miƙa yara ga maƙwabciyarmu 'yar Jos suna ta magagin barci. Abin da ya fitar da mu wani ɗan gilashi ne da bai fi tafin hannu ba. Shi giretin yake ce masa, ni kuwa madubi. Wata bakwai yana jiran a ƙera shi, kuma sai da shi zai yi gwajin ƙarshe na digirinsa kafin takardar zamanmu ta ƙare. Malaminsa ya ce kada a yarda da gidan waya, a je a ɗauko da hannu.

Muka nausa arewa, gonakin taba hagu da dama, har muka fara hawan duwatsun Virginia kunnuwana suka toshe. Muka tsaya a gidan mai, galan dala ɗaya da 'yan kai, kuma kai za ka zuba abinka. A nan na ga biskit ɗinsu mai kama da burodi, da zafinsa yana ƙamshi. Mai sayarwa ta kira ni "honi" sau uku, wato zuma, sannan ta tabbatar mini da man alade aka yi shi. Na koma mota ga dambun namana da kunun gyaɗa.

Kamfanin da ke ƙera madubin kamar sito yake, ba ka ce ana abin kirki a ciki ba. Wani dattijo mai furfura ya tarbe mu, ya sa mana fararen riguna da safar takalmi, muka gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ta taga muka leƙa injin, an girke shi a kan dutse. Tsinin lu'ulu'u ne yake jan layi a kan gilashin da aka shafe da alminiyam, layi dubbai a faɗin farce ɗaya, kwana da kwanaki ba tsayawa. Girgizar babbar mota ko ɗumin jikin mutum ya isa ya karkatar da layi, a koma farko. In an gama wannan uwar, daga jikinta ake fitar da sauran. Dattijon ƙasa-ƙasa yake magana kamar a masallaci. Sai na tuna kakata da mazarinta, yadda zarenta ba ya kauri a nan ya sirance a can.

Da muka hau sama dattijon ya buɗe akwatin da madubinmu yake ciki. Subhanallahi! Farin hasken fitila ya faɗa kai ya watse, ja, kore, shuɗi, kamar bakan gizo a cikin faranti. Maigida ya ce kowane sinadari da launukansa, ta haka ake gane shi. Tausayinsa ya kama ni. Ni kuwa duk sabon abin da zai shiga gidana sai na tofa masa addu'a. Na karanta Ƙulhuwallahu, na sunkuya, na haɗa leɓe.

Sai ga tafin dattijo a gaban bakina.

"Maman yara!" in ji maigida. "Kashe ni za ki yi?"

Ashe ɗigon yawu ɗaya ya isa ya lalata madubin. Ba a goge shi, don tsumma da kansa yana share layukan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigida ya yi wa dattijon bayanin tofi. Sai dattijon ya rufe akwatin, ya liƙe bakinsa, ya turo mini.

"To yanzu yi," ya ce. "Ki haɗa da injina, ya tsufa."

Na tofa a tafin hannuna na shafa murfin, idona cike da hawaye.

A cinyata akwatin ya dawo, ko ruwa ban yarda na sha a kansa ba. Muka iso ana magariba. Jiya maigida ya shigo da wata takarda mai zane hawa da sauka, yana dariya kamar yaro, ya ce gwaji ya fito. Alhamdulillahi.

Na tashi da sanin cewa in kana son abu sai ka goge shi, ka shafa shi. Tafiyar nan ta koya mini akwai wanda kula da shi ita ce ka janye hannunka. Addu'a kuwa, murfi ba ya tare ta.