Sahun Malam Inuwa

Malam Inuwa kafinta ne a wani kamfanin saƙa da ke Sharaɗa, shi ke haɗa akwatunan da ake zuba yadi. Tsantseninsa har ya yi yawa. Ko benci ya gani a karkace sai ya tsaya ya yi masa tsaki. Mu abokan aikinsa mukan tsokane shi cewa da ƙarfen awon kusurwa aka haife shi.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in manaja ya ba mu fili a bayan sito mu yi masallaci. Ba a ma yi shawara ba, shi aka miƙa wa igiya. Maigadi ya ce katangar wurin tana saitin alƙibla, Inuwa ya yarda. Ya ja igiya daga katanga, ya gitta mata wata, ya yi ta awo har kusurwoyin huɗu suka zo daidai wa daida. Aka zuba siminti, ya tsaga layin sahu da hannunsa. In baƙo ya yaba, sai ka ji Inuwa yana gyaran murya.

Mun yi shekaru muna salla a haka, sai Shu'aibu direba ya dawo daga Makka da darduma mai kamfas ɗin nuna alƙibla. Da azahar ya shimfiɗa ta, ya juya, ya juya, sai ga ta ta karkata hagu, ta ƙetare layin Inuwa kamar bakin almakashi.

"Alhaji, dardumarku ce ta karkace," in ji Inuwa.

"To Malam, ku auna mana mu gani."

Ya durƙusa ya auna kusurwoyin da ke inda gefen dardumar ya gitta layin. Kusurwar gaba ta tsuke, ta bayan da ke kallonta ta tsuke daidai da ita, na gefe biyun sun buɗe. Aka aro wani kamfas ɗin, shi ma hagu ya nuna. Awon Inuwa lafiya lau yake, katangar ce bai taɓa bincikawa ba. Kunya ta rufe shi, mu ma ta rufe mu, don har da mu a cika baki.

Liman ya ce babu ramuwar sallolin baya, Allah ya ga niyya. Inuwa bai ɗago kai ba. Washegari ya zo da fenti ya ja sabon sahu a kan tsohon, bai bar kowa ya taya shi ba. Da sahun farko ya karkata, sai ya bar wani tsukakken lungu a jikin katanga, aka riƙa jera butoci a ciki. Nan ne wurin tsayuwarsa a da. Sahun baya ya koma, kuma a can ya ci gaba da salla har ya bar aiki.