Ranar da Inna Ta Kora Yaran Lewisham Ɗaki

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da Inna da jakunkunanmu, rabinsu kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ƙanwata da ke aikin jinya a Landan ce ta gayyace mu, don Inna ta ga takwararta, jikar da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Hanyar Abuja kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Na hana Inna ɗaukar kilishi saboda masu bincike a filin jirgi, har muka shiga jirgi tana yi mini mita. A sama kuma ta ƙi abincinsu, ta ce na marasa lafiya ne, ta kwance dabinonta daga bakin mayafi.

Landan ta tarbe mu da sanyi da yayyafi. Mijin ƙanwata ya ɗauko mu, muka bi ta tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, muka sake jirgi har Lewisham inda flat ɗinsu yake. Kasuwar unguwar ta burge ni. Ga attarugu, ga bandar kifi, ga Yarabanci yana tashi ta ko'ina. Inna ta ɗaga doya guda ta tambayi kuɗinta, da na juya mata shi zuwa naira sai ta mayar da ita a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Juma'a muka yi a masallacin unguwar Whitechapel tsakanin 'yan Bangaladash da Somaliyawa, muka ci shinkafa mai yajin da ya sa ni hawaye. Abin da na kasa sabawa da shi ranarsu ce ta lokacin sanyi. Kana gama azahar la'asar ta iso, kafin ka miƙe ƙafa magariba ta yi.

Takwara shekarunta tara. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Inna ta yi ta jan ta da wasa, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ɓuya bayan uwarta. Abin ya dami Inna, na gani a fuskarta ko da ba ta faɗa ba. Magana ɗaya ce ke buɗe bakin yarinyar, maganar fitila. Ashe duk shekara idan sanyi ya shigo mutanen unguwar na yin jerin gwanon fitilu, makarantu da coci da masallaci da wurin ibadar Hindu kowa ya haɗa tasa. Da siraran rassa masu lanƙwasuwa ake ɗaura jikin fitilar, a manna farar takarda, a saka ɗan ƙwan batir a ciki. Ajinsu Takwara sun yi makonni suna haɗa wani ƙaton kifi, ita aka zaɓa ta riƙe kansa.

Ana gobe biki Inna ta tambayi lokacin. Ƙanwata ta ce rana na faɗuwa yara za su taru.

"Da magariba? Yarinya a waje?" in ji Inna. "Ba ina gidan nan ba."

Mu da ta raina mun san wannan doka. Ko kana gab da cin ƙwallo, rana ta yi ja ka shige ɗaki sai duhu ya gama sauka, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ƙanwata ta sassauta murya ta ce, "Inna, an riga an yi register ɗinta, ba za su yi delay saboda mu ba." Inna ta ci gaba da jan carbinta. Takwara ta ji komai. Ta tashi ta shige ɗaki, ko abinci ba ta taɓa ba. Gaskiya hankalina ya tashi. Mun ƙetaro duniya don su shaƙu, ga shi yarinya za ta tashi da tunanin cewa kakarta ita ce tsohuwar da ta hana ta riƙe kifinta.

Da yamma maƙwabciyarsu ta shigo gaishe da Inna. Kirista ce 'yar Kafanchan, a council, wato ƙaramar hukumarsu, take aiki, tana cikin masu taimakawa a shirin. Ta durƙusa har ƙasa, da ta ji abin da ake ciki sai ta yi dariya.

"Mama, ni ma na sha duka wurin uwata a kan magariba," ta ce. "Amma a hall ɗin cocinmu aka ajiye fitilun. Ki kawo ta da kanki tun la'asar, ta zauna a ciki. Ai fitila ba ta yin kyau sai an yi duhu."

Inna ba ta taɓa taka harabar coci ba tunda aka haife ta. Ta dubi maƙwabciyar ta tambaye ta.

"Yana da rufi? Yana da ƙofa?"

"Akwai, Mama, har da heater."

"To, ɗaki ai ɗaki ne. Ku ce wa takwarata ta fito ta ci abinci."

Washegari muka isa da wuri. Zauren cike yake da fitilu, akwai jinjirin wata, akwai tauraro, akwai giwa da tsuntsaye da jirgin ruwa. A gefe ana raba shayi da samosa da fanke, ba a karɓar ko sisi. Na gaisa da wani dattijo ɗan addinin Sikh mai rawani, da wata tsohuwa Bayahudiya da ta cika mini hannu da biskit, da makaɗa 'yan Jamaika da ke ɗaure gangunansu. Inna ta zauna kusa da heater tana jin ɗumi, Takwara na nuna mata kifi da hannu.

Da rana ta yi ja, yara sun cika harabar suna guje-guje. Ban ankara ba sai na ga Inna a bakin ƙofa tana tafa hannu. "Ku shigo, ku shigo, magariba ta yi." Da Hausa fa, ga 'ya'yan Turawa da Indiyawa. Na ji kunya ta kama ni, na tashi zan janye ta, sai Takwara ta riga ni. Ta tsaya kusa da ita tana fassarawa da ƙarfi, wai kakarta ta ce kowa ya shigo. Suka shigo kuwa, har da wani mai kuka da Inna ta jawo da hannu. Dattijon nan mai rawani ya ce mini kakarsa ma haka take yi musu a ƙauyensu. Maƙwabciya ta buɗe mana wani ɗan ɗaki, ta shimfiɗa sabon mayafin tebur, ta tsaya a ƙofa har muka sallame sallar magariba, mu da wasu Somaliyawa.

Da duhu ya sauka aka kunna fitilu gaba ɗaya, aka fita. An rufe titi, ganguna a gaba, mutane ta tagogi da cikin bas suna ɗaga hannu. Ban taɓa ganin takarda da tsinke sun yi kyau haka ba, raina ya yi fari ƙal. Inna na tafe kusa da kan kifi, hannunta a kafaɗar Takwara, bakinta na motsi da addu'a. Da sanyi ya fara kaɗa Inna, yarinyar ta cire mayafin wuyanta ta naɗa mata. Kafin isha'i mun dawo gida muna shan koko.

Mun iso Zariya lafiya, jakunkunan daddawa sun dawo cike da takalma da man zafi. Abin da na koyo shi ne mutanen nan ba wanda ya bar addininsa ko al'adarsa a gida kafin ya fito, kowa da abinsa ya zo, aka matsa masa ya zauna. Inna ma ba ta sauya dokarta ba, yaran gidanmu shaida ne. Sai dai yanzu da ake sanyi, kullum kafin a kira magariba a nan, ta riga ta yi a can, sai saƙon murya ya shigo wayata. Inna takan sa in maimaita mata shi har sai na gaji. Takwara ce, da Hausarta mai karkata: "Inna, magariba ta yi. Na shigo ɗaki."