Guɗar da Kulu Ta Yi a Shekarar Fari

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokowa a Zermu kafin farin 1984 ya san Kulu mai ƙuli, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeruwa ce mai saurin hawa, ba ta da kujera sai wani tsohon buhu da take shimfiɗawa a bakin fili, faifan ƙuli a gabanta, ƙafafu a miƙe. Maza suna tsaye suna kallon kafaɗu da wuya, ita tana ƙasa tana kallon ƙafa da gwiwa, kuma daga nan kaye yake farawa. Shekara talatin ta yi tana wannan zama.

Abin da ya fitar da ita daga cikin mata shi ne guɗarta ba ta kyauta ba ce. Sauran mata da sun ga na garinsu a sama sai su kama hanci. Kulu kuwa sai an yi kaye mai tsabta. In ɗan kokowa ya watsa wa abokin karawarsa rairayi a ido, ko ya murɗe masa yatsa, ko gwiwoyinsa biyu suka taɓa ƙasa kafin ya ɗaga mutum, to ko garin zai tsage da ihu ita tana jera ƙulinta kamar ba a yi komai ba. Mijinta ma, marigayi Garba, bai tsira ba. Ranar da ya kayar da wani mutumin Takieta da jan walki, Kulu ta yi gum, shi kuma ya yi kwana bakwai bai taɓa tuwonta ba. Tun daga nan gardamar 'yan kallo ta sami inda take mutuwa. A yi ta musu a gindin itacen bedi, jijiyar wuya a waje, har wani ya ce, "To, Kulu ta yi guɗa?" In an ce ba ta yi ba, sai kowa ya nemi wata hira.

Mutum ɗaya ne kokowarsa ba ta shiga wannan awo, wato Nomau, ɗanta na fari. Kulu ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ta matsu sai ta ce "wancan na Garba". Da ya girma ya gaji ubansa a fili, duk sanda makaɗi ya kira shi sai ta sunkuyar da kai ta zuba wa ƙasa ido har a gama. Ya yi kaye ya fi a ƙirga, ko sau ɗaya bai ji muryar uwarsa ba. Kowa ya san haka, ba kuma mai ganin laifinta.

Sai fari ya zo. Ruwa ya sauka sau uku ya ɗauke, gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Gyaɗa ba ta yi ba, ƙuli ya ƙare, faifan Kulu ya koma murfin tukunya. Gidan ya koma kan anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Manya suna haɗiyewa da ƙyar. Ramlatu ce ba ta iyawa, 'yar Nomau mai shekara ɗaya da rabi. Nonon uwarta Lami ya ƙafe, gashin yarinyar ya yi ja, ta daina kuka sai ɗan nishi. Kulu ta binne 'ya'ya huɗu a rayuwarta, ta san wannan nishin, kuma tana tsoronsa fiye da komai.

A watan da ya kamata a ce ana sussuka, wani attajiri daga Birnin Damagaram, wanda uwarsa 'yar Zermu ce, ya aiko da buhun gero guda mai kilo ɗari. Ya ce a yi kokowa ranar kasuwa, wanda ya rage a tsaye ya ɗauka. Wai don mutane su ɗan manta da damuwa. Da ya raba shi tiya-tiya da ya fi lada, amma mai hatsi a wannan shekara ba a ba shi shawara. Labari ya kai har ƙauyukan yamma, maza suka yi ta zuwa a ƙafa.

Cikin baƙin akwai Mai Nasara, mahauci daga Tirmini, wanda aka fi sani da dambe. Dabbobi sun mutu, fawa ta tsaya, sai ya kwance zaren hannunsa ya taho kokowa, kwana uku a hanya, da matarsa da yara biyu. A kansa gardamar gindin bedi ta koma, har yunwa ta ɗan lafa wa masu yinta.

Suma'ila tela, wanda bai taɓa kayar da ko akuya ba amma ya fi kowa sanin kokowa a baki, ya ce, "Ɗan dambe ɗan dambe ne. Hannun da ya saba naushi ba ya iya riƙo. Ku zuba ido, sai ya kai wa wani duka a cikin fili."

Wani tsoho ya ce, "Ƙarfi ai ƙarfi ne, Suma'ila. A kudu ma an ce akwai masu haɗa su, su yi naushi su yi kaye."

"Wannan faɗan kasuwa ne, baba. In haka ne a kawo wuƙa ma a haɗa."

Kulu tana wucewa da tulu ta ji su. A ranta ta ce duk cikinsu ba wanda ya kalli ƙafar mutumin. Ita ta kalla da yake sayen ruwa a bakin rijiya. Yana tsayawa kamar turmi.

Bayan la'asar aka kewaye rairayin kwari. Buhun geron yana jingine a gefen kujerar wakilin attajiri, kuma ba ƙarya, idon mutane ya fi zuwa kansa fiye da 'yan kokowa. Kulu ta shimfiɗa buhunta a inda ta saba, ba faifai. Kokowar ba ta yi kyau ba. Maza da ta sani da ƙirji kamar ƙofa sun zama haƙarƙari, ana riƙo kaɗan sai numfashi ya ƙare, wani ma ya zauna da kansa tun ba a taɓa shi ba. Mai Nasara ya kayar da huɗu, bai kai wa kowa duka ba, Suma'ila ya ce sa'a ce. Nomau ya kayar da uku. Rana ta yi ja aka rage su biyu.

Makaɗi ya kira ɗan Garba, Kulu ta sunkuyar da kai kamar kullum. Ƙafafu huɗu take gani da rairayi. Ta san na ɗanta, akwai tabon lauje a ɗan yatsan hagu. Ƙafafun suka zagaya, suka haɗu, suka rabu, suka sake haɗuwa. Na Nomau suna rawa, na baƙon ba sa motsi. Suka turo juna har kusa da ita, taku biyu tsakani, tana jin hucinsu. Sai ta ga diddigen baƙon ya nutse a rairayi, ta san ya danno da dukan nauyinsa. Gwiwar Nomau ta dama ta sauka, ta hagu ta bi ta. Bai fi ƙiftawar ido ba. Mai Nasara ya ji a jikinsa cewa an gama, don gwiwa biyu a ƙasa kaye ne, ya sassauta riƙo, a daidai nan Nomau ya zabura ya sure ƙafarsa ya maka shi da ƙasa.

Fili ya ɗauki ihu. Waɗanda suke tsaye ɗagawar kawai suka gani. Mala, tsohon da aka ba usur ya yi alƙalanci, yana bayan Mai Nasara lokacin, jikin mutumin ya tare masa komai. Mutanen yamma da suka zo tare da baƙon suka shigo fili suna cewa gwiwa ta taɓa, 'yan gari suka taso musu, aka fara ɗaga sanduna. Wakilin attajiri ya dafa buhun ya ce ba ya bayarwa sai arbit, wato Mala, ya yanke. Mala ya dubi wannan ɓangare, ya dubi wancan, bai hura usur ba.

Suma'ila yana ta kumfar baki. "Ƙaryar 'yan dambe ce! An kayar da shi yana neman hanya."

Mai Nasara bai kula shi ba. Ya tashi, rairayi a bayansa, ya ɗaga hannu har aka ɗan yi shiru. Ya ce, "A tambayi tsohuwar nan."

Wani ya ce, "Ai uwarsa ce, ba ta kallonsa."

Mai Nasara ya ce, "Kanta yana ƙasa, kuma a ƙasa abin ya faru. Ta fi ku gani duka."

Ya zo ya durƙusa a gabanta. Da ta gan shi kusa, ya fi yadda ta zata ƙuruciya, leɓɓansa sun tsattsage. Ya ce, "Inna, har Tirmini mun san labarinki da na mijinki. Ba ni da kowa a garin nan. Abin da kika ce na yarda."

Tsakaninta da shi, a kan rairayi, ramuka biyu ne ƙanana a jere inda gwiwoyin suka sauka, ba wanda ya taka su tukuna. Kulu ta gan su, shi ma ya gan su. Ba ta buƙatar cewa komai, shirun da ta saba ya isa, kowa zai gane. Ta ɗaga kai. A ƙetaren fili ta hango matar baƙon a tsaye, yaro ɗaya a hannu ɗaya a goye. Can gefe kuma ga Lami, kan Ramlatu ya langaɓe a bayanta yana lilo, Lami ta kai hannu baya ta gyara shi ya sake faɗowa. Nomau yana tsakiyar fili yana haki, bai yarda ya dubi inda uwarsa take ba. Kulu ta ji tsoro, ta ji kunya tun kafin ta yi abin da za ta yi.

Ta kai hannu hanci ta rangaɗa guɗa. Doguwa ce, mai tsawon da ba ta taɓa yi wa kowa ba, a fuskar mutumin da ke durƙushe a gabanta.

Gardama ta mutu nan take. Matar da ta hana mijinta guɗa, matar da ba ta taɓa buɗe baki don ɗan farinta ba, in har ta karya kunya a gaban jama'a to lalle kayen ya fi ƙarfin shiru. Mutanen yamma ma suka sauke sanduna. Mala ya hura usur da saurinsa, aka ɗaga Nomau sama.

Mai Nasara ya jima yana kallonta. Ya ce, "Na yarda, Inna." Ya miƙe, ya sa tafin ƙafarsa ya share ramukan nan biyu a hankali, ya tafi wajen iyalinsa.

Ana kwance bakin buhu a gida Kulu ta cika ƙwarya ta rufe da zane ta nufi bakin kasuwa inda baƙi suka sauka. Ta tarar da toka da duwatsun murhu. Aka ce sun kama hanyar kudu tun kafin magariba, ko da yake an rufe iyaka a lokacin. Ta yi ta tambayar fatake da masu dawowa daga cin rani shekara da shekaru, ba ta taɓa samun wanda ya ce ya gan su ba.

Ramlatu ta sha kunu, da farko cokali biyu tana amayarwa, daga baya ta riƙe. Buhun ya kai su har motocin taimako suka fara zuwa. Nomau bai sake shiga fili ba, ya ce gwiwa ke damunsa, uwarsa ba ta tambaye shi wace ba. Da damina ta dawo Kulu ta koma soya ƙuli, amma a zaure take sayarwa, bakin fili kuwa ta bar wa wasu.

Gindin bedi bai bar maganar ba. Duk shekara in aka kewaye rediyo ana sauraron kokowar takobi, gasar ƙasa baki ɗaya, sai Suma'ila ya tayar da ita, ya ce ɗan dambe bai taɓa iya kokowa ba, ga shaida a garin nan. In wani yaro ya ce ya ji an ce gwiwa ta taɓa, sai a yi masa ca. "Kai, Kulu ta yi guɗa fa. An haife ka lokacin?" Tana jin su daga zaure. Sau da yawa ta aje matsami kamar za ta fita ta faɗa musu, sai ta tuna ba ita kaɗai maganar za ta kayar ba, ta koma ta zauna.

Shekara goma sha bakwai bayan farin aka yi bikin Ramlatu. Kulu ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ƙirjinta da sauran ƙarfi, ana jin faɗanta daga bayan katanga. Ranar kai amarya mata suka cika tsakar gida suna guɗa, wata ta ce a yi shiru mai abin ta yi, yara su ji irin ta da. Kulu ta ce maƙogwaronta ya bushe. Aka kawo ruwa, ta sha, ta aje moɗa, ba ta yi ba.

Ramlatu ta rarrafo a cikin lulluɓi ta dafa gwiwar kakarta, da wasan da suka saba. "Haba tsohuwa, rowar har da ni? An ce kin yi wa Baba, ni ce ban kai ba?"

Kulu ta laluba kanta ta cikin mayafi, ta taɓa kitson, gashi baƙi mai cika hannu. Ta ce, "Ba babanki na yi wa ba. Taki ce, tun kina goye na yi ta. Tashi ki tafi, ana jiranki."