Na'ibin Da Ke Ɗaura Auren Mace Ɗaya

In ka shigo Kaura Namoda kana cigiyar Malam Abdussamadu, sai an daɗe ana kallonka. Ka ce Na'ibi, nan take a nuna maka gida mai dalbejiya a ƙofa, jikin masallacin unguwarmu. Kakansa ya yi limanci a masallacin nan, ubansa ma ya yi. Shi kuma tun gemunsa na baƙi aka tsayar da shi a bayan Liman Armiya'u, ya riƙa jan salla in tsohon ya yi tafiya ko ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ba wanda ya taɓa tambayar wa zai gaji Liman, don amsar tana nan tsaye a sahun farko kullum.

Da rana kuwa wani aiki gare shi. Akawu ne a sakatariya, an yi ta jefa shi daga wannan tebur zuwa wancan har ya faɗa ofishin rajistar aure, inda babu mai so saboda ko goro ba a rabawa. Auren can ba irin namu ba ne. Turawa suka bar shi cikin dokar ƙasa, da ƙanshin cocinsu a jikinsa: miji ɗaya, mace ɗaya, ba saki da baki, sai babbar kotu ko mutuwa. Masu zuwa kuwa Kiristoci ne, 'ya'yan tsoffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da 'yan sanda da malaman asibiti da aka turo Shinkafi ko Zurmi. Kafin a ɗaura, doka ta ce a bar ƙofa a buɗe, mai rajista ya miƙe ya gargaɗi ango da amarya cewa duk wanda ya ƙara aure alhali wannan yana nan, ya yi laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

To, mai karanta wannan gargaɗi matansa uku.

A teburin mai shayi ba mu da wani abin taunawa da ya fi wannan daɗi. Mun sa masa suna Rabaran, kamar limamin coci. In ya fito da safe sai a tambaye shi yau wa zai hana abin da shi ya yi har sau uku. Uwargidansa ma, Hajiya Salma, ta ce da ta san da ofishin nan tun farko da can ta ja shi da wuyan riga. Shi dai murmushi yake, ya ce gwamnati ta ba shi maganar wasu ya riƙe, ba tasa ba ce balle ya rage mata gishiri. Da kansa ya juya gargaɗin zuwa Hausa saboda waɗanda ba sa jin Turanci, yana karanta shi a hankali kamar mai ba ɗalibi karatu. In an gama sa hannu sai ya ɗauki butarsa ya fita alwala, ya bar musu ɗakin su yi addu'arsu da waƙoƙinsu. Bai taɓa cewa amin ba, bai kuma taɓa cewa a rage murya ba.

Cikin waɗanda ya ɗaura wa har da Sule da Kyauta, Hausawa Kiristoci daga wani ƙauye ta wajen Gurbin Bore. Da 'yan bindiga suka watsa ƙauyen sai suka dawo unguwarmu gaba ɗaya. Sule ya buɗe rumfar gyaran babur, Kyauta ta kafa injin niƙa a ƙofar gida, kusan duk tuwon da muke ci ta hannunta yake biyowa.

Shekarar da Liman Armiya'u ya kwanta ciwon da bai tashi ba, Sule ya shigo masallaci bayan la'asar ya ce yana son shiga Musulunci. Na'ibi ya yi murna ta gaske. Ya tambaye shi ko wani ya matsa masa, ya ce a'a. Ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya shiga gida ya ɗauko riga da hula nasa na sawa ya ba shi. Ko wahalar neman sabon suna ba a yi ba, Sulen dai aka ja ya zama Sulaimanu.

Ba a daɗe ba sauran labarin ya fito. Ashe akwai magana tsakaninsa da Laila, bazawara, ɗiyar Alhaji Magaji mai motocin Shinkafi. Wasu suka fara cewa don ita ya shigo. Na'ibi ya kwaɓe su, ya ce zuciyar mutum ba ofishinsa ba ce.

Da safiyar wata Asabar Kyauta ta kashe injinta ta zo ta durƙusa a bakin zaurensa, gari duk a gefen mayafinta. Ta ce dangin Laila sun aiko mata cewa ko ta bi mijinta cikin addini ko ta nemi inda za ta, ita kuwa garinsu ya zama kufai.

"Baba Na'ibi," in ji ta, "abin da ka karanta muna ran nan, yana nan ko ya mutu?"

Ya san inda amsar za ta kai shi.

"Yana nan, ɗiyata. Addininki naki ne, ɗakinki naki ne. Shi ma nashi addinin nashi ne, kar ki riƙe shi da wannan. Tashi ki tada injinki, mutane na jiran gari."

Da aka zo masa da maganar sa ranar ɗaurin auren Sule da Laila, tunda Liman na kwance, sai ya ce shi ba zai ɗaura ba. Ya kira Sule gefe ya tuna masa cewa akwai hanya a fili: in ya gaji da auren farko ya je kotu, Kyauta na gani, a yi abin da doka ta ce. In kuma zai zauna da ita, to ya zauna a kan abin da ya amsa.

Unguwa ta ɗau zafi. Wanda ya fi kowa jin ciwon abin shi ne Malam Ubaidullahi, ɗan ƙanin Liman, matashi mai karatu da murya mai daɗi, kuma ba mugu ba ne. Ya tare Na'ibi a ƙofar masallaci ya ce Allah ya ba namiji huɗu, wane ne Bature da zai rage, kuma wannan ai korar sabon shiga ne. Suka yi ta jan Larabci a tsakaninsu, mu na gefe muna gyaɗa kai kamar muna ji. Da suka dawo Hausa ga abin da Na'ibi ya faɗa:

"Ban ce haramun ne ba, Malam, ka ga gidana. Amma ni na tambaye shi a ofis, ni ya kalla ya amsa, Kyauta tana tsaye. Bakin da ya karɓi alkawarin ba shi ne zai warware shi a bayan idonta ba."

Sahu ya fara raguwa a bayansa. Wasu suka koma salla a masallacin tasha. Dattawan unguwa suka same shi a zaure suka faɗa masa ba kwana-kwana: Liman ya yi nisa, kujerar ubansa ce, ya ɗaura auren nan a wuce wurin, in ya ƙi ba za su iya tare masa mutane ba.

Kar wani ya ce maka ba ya so. Yana so ƙwarai. Tun tuni ya sayi farin rawani a kasuwar Alhamis ta Shinkafi ya ajiye a ƙasan akwati, yana zaton ba mu sani ba, alhali unguwa duk ta san har kuɗin dakon da ya biya. Bayan tafiyar dattawa ya shiga masallaci shi kaɗai ya tsaya inda ubansa ke tsayawa, wurin da simintin ya lotsa saboda dugadugan gidansu. Ya ce a ransa ai aure ɗaya ne, Fatiha ce ta ɗan lokaci, in bai yi ba wani zai yi. Sai ya jiyo injin Kyauta ya tashi a bayan gidaje. Washegari ya aika wa dattawa cewa yana nan a kan maganarsa.

Alhaji Magaji, da yake mutumin tasha ne ba ya son jita-jita, ya zo da kansa ya ce a faɗa masa ainihin abin da Sule ya amsa. Na'ibi ya miƙe tsaye kamar yana ofis, ya karanta masa gargaɗin nan da Hausa daga farko har ƙarshe. Alhaji ya tambaya ko da gaske yaron ya ce e. Na'ibi ya ce ya ce e, har da dariya. Alhaji ya kai wa ɗiyarsa maganar yadda ya ji ta. Laila ta ce ta binne miji guda, ba za ta shiga gidan da za a kira aurenta laifi ba, ba kuma za ta kwana a ɗakin da aka kori mai shi ba. Aka mayar da kayan Sule.

Maganar auren Laila ta mutu, amma fushin bai mutu tare da ita ba. Da Allah ya yi wa Liman Armiya'u rasuwa, jama'a suka zauna suka ba Malam Ubaidullahi limanci. Ranar naɗi Na'ibi ya fito da rawanin nan daga akwati, ya naɗa wa yaron da hannunsa. Naɗin ya karkace zuwa kunnen hagu. Mu dai har yau mun tsaya a kan cewa da gangan ya yi.

Sule ya daɗe ba ya gaida Na'ibi. A teburin shayi an yi ta jiran ranar da zai koma coci, tunda abin da aka ce ya kawo shi ya tafi. Bai koma ba. Yana nan a sahu, ya iya surori fiye da wasunmu da aka haifa a ciki. Ran Lahadi yakan goya Kyauta a babur ya sauke ta ɗan nesa da cocinsu, ya dawo rumfarsa, in an tashi ya koma ɗauko ta. Gidajen Kiristocin unguwa da suka zuba ido su ga yadda za a yi da ita, har wata malamar asibiti da ta fara ɗaure kaya, duk suna nan. Malamar ce ma ta karɓi haihuwar ɗan sabon Liman.

Na'ibi ya yi ritaya daga sakatariya, gemun ya yi fari fat, kuma har yanzu a bayan Liman yake tsayawa, sai dai yanzu Limamin sa'an ɗansa ne. Ba mu daina ce masa Rabaran ba. Amma in za a ba da ɗiya a unguwar nan, ko wa zai yi Fatiha, uban yarinya sai ya roƙi Na'ibi ya zauna kusa ya ji abin da ango ya amsa. Allah ya saka masa, ya bar mana shi.

Kwanan baya aka tsokane shi a wurin mai shayi, aka ce da ya ɗaura auren nan da yanzu shi ke gaba. Ya kurɓi shayinsa, ya ce da ya fi son gaban, ba zai yi mana ƙarya ba. Sai ga Kyauta za ta wuce da kwanon gari a ka. Ta rusuna ta gaishe shi, ta ce a gaya wa Hajiya dawarta ta fito. Ya tambaye ta maigidan, ta ce yana rumfa.

"To madalla," in ji shi. Ya ajiye kofi ya ɗauki butarsa, don an kusa kiran azahar kuma ba ya son wani ya riga shi wurinsa.