Yakaka, Wadda Ta Kori Hayaƙi Daga Ɗakin Jego

A da can, da an idar da sallar asuba za ka tarar da Yakaka Bunu a bakin fadamar Guri tana tonon yumɓu. Kafin rana ta yi zafi ta kwaɓa shi da ƙaiƙayin shinkafa, ta zauna a gindin darbejiya tana gina tukwane. Baƙo kan tsaya ya yi dariya, don rabin tukwanen ba su da gindi. Ya yi ta dariyarsa. Mu da muka san aikinsu ba ma yi.

A yankinmu mace da hayaƙi take wuni: na bandar kifi, na turara shinkafa, na girki a ɗakin da ba taga. Tari ne ya tafi da mahaifiyar Yakaka tun ba ta yi furfura ba. Da ita ma ƙirji ya dame ta, ta je asibiti a Haɗeja, wata nas ta faɗa mata cewa a cikin hayaƙi akwai wata ƙura da ido ba ya gani, tana shiga huhu ta zarce cikin jini, kuma duk garin da ke yawan shaƙarta mutanensa ba su cika yin tsawon rai ba. Maganar nan ta zauna mata a rai.

Ana nan, maƙwabciyarta Ummussalma ta haihu a tsakiyar sanyi. Aka kwantar da mai jego a gadon ƙasa, aka hura wuta a ƙarƙashinsa, aka rufe ɗaki ruf yadda aka saba. Bayan suna jaririya Adila ta fara numfashi da ƙyar. Likita ya ba da magani, ya ce in aka mayar da ita cikin hayaƙin nan, sai dai addu'a.

Kakar yarinyar, Iya 'Yar'azumi, ta ce sam ba ta san zancen ba. "Jego ba wuta? So kuke sanyi ya shiga uwar ta kumbura? Mu haka aka yi mana!"

"Iya, wa ya ce a kashe miki wutarki?" in ji Yakaka. "Bangon nan kawai za ki bar min."

Ta ɗauko diga ta huda bangon ta waje, ta toshe bakin gadon na ciki da yumɓu, wurin zura itace ya koma tsakar gida. Ta fasa gindin tukwanenta na sayarwa, ta ɗora su ɗaya kan ɗaya ta liƙe, har suka zarce rufin ɗaki. Malam Garba, uban jaririyar, yana tsaye yana salati, wai an rushe masa gida. Aka hura wuta. Gado ya ɗau zafi, hayaƙi ya bi tukwane ya yi sama, ɗaki ya washe. Iya 'Yar'azumi ta dafa gadon, ta janye hannu da sauri, ta ce, "To, ba laifi." Duk wanda ya san tsohuwar nan ya san ba ta taɓa yabon da ya kai wannan ba.

Daga nan aiki ya buɗe. Matan Baturiya suka kira ta ta gyara musu wurin banda, na Kafin Hausa suka zo koyo, ba ta ɓoye wa kowa sirrin ba.

Yakaka, yau da gwiwa ta sa kin bar wa ɗalibanki aikin, mun zo mu faɗa a gaban idonki. Ke ce kika raba mu da hayaƙi ba ki raba mu da al'adarmu ba. Gwanar yumɓu, uwar masu jego, mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Ku kuma maginan garuruwanmu, maza da mata, ga hanya an share muku, ku bi.

Wanda kuma yake son shaida, ya bi ta bayan makarantar Islamiyyar unguwar su Yakaka da yamma. Muryar da ta danne ta kowa a karatu, wadda malamai suka gaji da cewa ta sassauta, ta Adila ce.